Muciyar Matan Laraba

Daura,
Alhamis da hantsi.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwa irin ta uwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, Ya tsare ki a zaune da tafe, amin.

Na san za ki yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, amma ga ni ina rubuto miki wasiƙa sai ka ce wadda ta tafi Makka. Dalili shi ne na san halina. In na zaunar da ke na buɗe baki, zan cika ɗakin da magana har ki rasa inda za ki sa taki, ki ƙare da "to Inna" kamar yadda kika saba. Takarda kuwa, in kin gaji da ni sai ki ninke ni ki tura ƙarƙashin matashi, ki sha ruwa, ki dawo. Ki yi haƙuri da rubutun, da girma na koye shi, layukan suna hawa suna gangara.

Shekaranjiya Gwaggonki Larai ta same ni ina tankaɗe. Ta ce kin gaya mata tafiyarki ta Asabar tana nan, kayanki a ɗaure suke, Babanki ya sa albarka, amma in ni ban saki fuska ba za ki kwance kayan ki fasa makarantar. Ta faɗi haka ta yi tafiyarta, ta bar ni da rariya a hannu. Mako uku ke nan ba abin da ke shiga tsakanina da ke sai gaisuwa da "ga tuwo nan". Ba na so ki fasa karatu saboda fuskata, ba na kuma so ki tafi kina waiwaye. Amma kafin in zo kan wannan, akwai abubuwan da ban taɓa gaya miki ba. Kurakuraina ne, kuma sai kin ji su za ki san irin matar da kike jira ta saki fuska.

Na farko ya faru kina wata tara a duniya. Lokacin ban daɗe da zuwa Daura daga ƙauyenmu na wajen Zango ba, ko hanyar kasuwa ban gama sani ba. Zazzaɓi ya kama ki kwana uku, kika daina kama nono, in na goya ki zafin jikinki har ta cikin zane nake jin sa. Kakarki, wadda kika ci sunanta, ta raka ni asibiti. Da layi ya zo kanmu, malamin asibiti ya ɗago kai ya ce, "Yaya jikin yarinyar?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Da sauƙi."

Ya ce, "Tana shan nono?"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ke 'yar fari ce, ga uwar miji tsaye a kaina. A yadda aka tashe ni, abin kunya ne mace ta nuna ta damu da ɗan fari, balle ta tsaya gaban namiji baƙo tana zayyana masa ciwonsa. Kakarki kuma ta ɗauka ni zan yi bayani tunda ni ke kwana da ke. Mutumin nan ba shi da laifi, ya yi aiki da abin da aka gaya masa, ya ba mu magani na ruwa muka dawo. Washegari da azahar kika sanƙame a bayana, idanunki suka juye. Babanki ya kwashe mu a babur, ƙafata ba takalmi. Kwana shida muka yi a gadon asibiti. Wata ma'aikaciya mai fararen kaya, da ta ji jiya-jiya muka zo, ta tsaya ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, me ya hana ki faɗa?" Har yau ban manta tambayar nan ba.

Saboda haka ki ji da kyau. "Da sauƙi" gaisuwa ce, ki ba maƙwabciya da ta leƙo ta katanga. Wanda ya tambaye ki don ya taimake ki kuwa, ki gaya masa abin da ke akwai. Ban ce ki yar da kunya ba, da ita aka san 'yar mutunci. Amma in kika kwanta ciwo a makaranta, ko darasi ya shige miki duhu, ko wani ya takura miki, ki nemi wanda ya dace ki faɗa masa tun abin yana ƙarami.

Kada ki ɗauka wannan ya koya min hankali. Shekara bakwai na ƙara a haka, in baƙo ya yi sallama sai in shige ƙurya, in mai inji ya ƙona min gari sai in karɓa in ce na gode. A cikin shekarun nan ne Inna Tabawa ta fara taron Laraba. Ke kin taso kin same shi da girmansa, ba ki san farkonsa ba. Mijinta ne ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da turmi da kaskon suya. Sai ta tara matan unguwa shida masu ƙuli-ƙuli, ta ce maimakon kowace ta yi ta fama ita kaɗai, a haɗa gyaɗa wuri ɗaya, a soya tare, a kai inji tare, a matse mai tare. Daga baya aka shigo da kiwon awaki, aka sami malama tana zuwa koyar da karatu da rubutu. Sau uku Inna Tabawa tana takowa gidan nan da ƙafarta ta ce in zo. Tana fita sai in ce wa Larai, "Matan da suka rasa aikin yi ne, sun sami inuwar darbejiya suna gulma." Ƙarya nake yi. Na ji labarin cewa duk wadda ta je sai ta yi magana a gaban kowa, tsoron wannan ne ya cika ni, kuma kushe su ya fi min sauƙi da in ce ina tsoro. Shekara biyu cur na yi wa kaina asara. Ke ma in kika ji bakinki yana kushe wani abu da zafi, wata ƙungiyar ɗalibai ce ko wata yarinya mai ƙoƙari a aji, ki tsaya ki bincika ko tsoron abin kike yi.

Babanki ne ma ya tura ni a ƙarshe. Ya ce, "Ki je mana, Kulu, ko kya dawo mana da labari, shirun gidan nan ya yi yawa." Yau in aka tuna masa sai ya yi dariya ya ce shi ya jawo wa kansa.

Kin san dokar muciya, amma ba ki san yadda na ji ranar da na fara riƙe ta ba. Ita ce dai tsohuwar muciyar nan da bakinta ya cinye, tun lokacin an daina tuƙa tuwo da ita. Wadda ta riƙe ta ita ke da magana. Ba mai katse ta, ba mai ƙarasa mata, ba mai cewa "abin da take nufi shi ne". In ta gama ta ajiye, sai a ce mata, "Mun ji ki." Ranar muciya ta yi ta zagayawa har ta iso kaina. Na karɓa. Na dubi tabarma na yi ta ƙirga saƙarta. Asabe, wadda ke kusa da ni, ta ji tausayina ta ce, "Inna, baƙuwa ce, a wuce ta sai wani makon."

Inna Tabawa ko kai ba ta ɗago ba, tana ta ɓarar gyaɗarta. Ta ce, "Asabe, muciya tana hannun wa?"

Ta ce, "Hannun Kulu."

Ta ce, "To."

Suka ci gaba da ɓarar gyaɗa kamar sun manta da ni. Ba wadda ta zuba min ido, ba wadda ta yi tsaki. Har inuwa ta janye daga bakin tabarma ina riƙe da itacen nan. Can sai na ji wata murya, ashe tawa ce, tana cewa, "Sunana Hauwa, ana ce min Kulu. Na iya ƙuli mai yaji. Kuma na kusa kashe 'yata da kunya." Daga nan sai kuka. Na ba su labarin asibiti, wanda ko Babanki ban taɓa gaya wa gaskiyarsa ba. Suka bar ni na yi har na gama, na ajiye muciya, suka ce, "Mun ji ki." Na dawo gida ranar ina jin kamar an sauke min tulu daga ka.

Abin da nake so ki nema a inda za ki shi ne mata irin waɗannan. Masu ba da shawara suna da yawa, ko a mota za ki same su. Ki nemi waɗanda za su iya jiran ki har ki gama magana, ko biyu ne sun isa. In ba ki same su a haɗe ba, ke ki haɗa su, Inna Tabawa ma da shida ta fara. A wurin matan nan na koyi rubuta sunana, na koyi tsayawa gaban mai inji in ce gyaɗata ba ta niƙu ba a sake, na san daɗin ɗinka miki kayan makaranta da gumin hannuna ba tare da na jira kowa ba.

Kuskure na uku kin san rabinsa, domin kina wurin. Kin tuna yadda muke yi da akuyar taro: a ba mace uwa, in ta haihu ta yaye sai ta riƙe 'ya'yan, ta miƙa uwar ga ta gaba. Da layi ya zo kaina aka kawo min wata jar akuya mai faɗin baya. Kina shekara goma sha ɗaya, ke ke ba ta dusa da harawa. Wata biyu da zuwanta ta fara yoyon hanci da zawo. Kika same ni a madafa kika ce, "Inna, a raba ta da awakin Gwaggo Larai, kuma a kira malamin dabbobi. Na buɗe bakinta na ga ya yi gyambo."

Na ce, "Yaushe kika zama likita? Tashi ki ɗauko min jar kanwa."

Lokacin an fara yabona a taro, ana cewa Kulu akwai himma. Na ji kunyar a ce akuyar amana ta kwanta a hannuna. Babanki kuma ya yi tafiya, na ce wa zai shigo min da namiji cikin gida. Na ɗura mata kanwa, na jiƙa mata sassaƙen maɗaci, har ƙwayar maganin mutane na fasa na ba ta. Laraba ta zo aka tambaye ni akuya na ce lafiya lau. Ke kuwa kina dawowa daga makaranta sai turke, kina share mata hanci da tsumma kina kore mata ƙuda. Kwana tara ta mutu, ta ja biyu na Larai suka bi ta.

Da na je na faɗa, na zaci za a yi min ca. Inna Tabawa ta ce, "Akuya ta mutu, Allah Ya mayar da alheri, wannan ba komai. Ɓoyewar ce ba mu so, Kulu. Da kin faɗa tun ran farko, da kowa ta killace nata." Ashe cutar ta riga ta shiga gidaje uku. Don haka in abu ya lalace a hannunki, a makaranta ko a wurin aiki, ki riga kowa faɗa. Ɓarnar da kika ɓoye don kare sunanki, wasu ne za su kwana a cikinta. Wannan darasin na ɗauke shi tun ranar. Akwai na biyu a ciki wanda ban gani ba sai yanzu: na durƙusa na nemi gafarar mata ashirin, amma yarinyar da ta gaya min gaskiya tun ran farko ban ko dube ta ba.

Daga nan bakina ya buɗe, kuma da ya buɗe bai sake rufuwa ba. Kin san sunan da suka sa min, Lasifika, kuma ba zan ɓoye miki ba, daɗinsa nake ji. Ni na tsaya gaban mai unguwa da dattawa kan maganar famfon da ya lalace, har aka gyara. Ni ake turawa garin Baure da garin Babban Mutum in taya matan can kafa nasu taron. Ban yi nadamar ko ɗaya ba. Mata da yawa da ba sa iya haɗa ido da mutum yau suna da sana'a da baki, kuma akwai hannuna a ciki.

Amma ga abin da nake yi a gida. Malamarku ta tambaye ki a gabana, "Uwani, wane darasi kika fi so?" Kafin ki haɗiye yawu na ce, "Turanci." Mu je wurin tela ya ce wane ɗinki, in ce ga wanda ya dace da ita. Baƙi su zo su ce me za ki zama in kin girma, in ce, "Nas, in Allah Ya yarda." Tun a gadon asibitin nan, da na ga ma'aikaciyar nan mai fararen kaya tana magana da kowa ba tsoro, na ƙudurta a raina 'yata ita za ta zama. Burin ba mugu ba ne, sai dai nawa ne, kuma ban taɓa zaunar da ke na tambayi naki ba. Mutane suna cewa, "Uwani shiru-shiru ce, ba ta biyo uwarta ba," ni kuma ina dariya ina cewa halin ubanta ta ɗauko. In je Baure in wuni ina gaya wa mata kada su bari wani ya yi magana a madadinsu, in dawo ko mayafi ban cire ba in fara amsa tambayar da aka yi miki. Wannan shi ne babba a cikin kurakuraina, kuma na yi shekaru ina yin sa ina ganin gata nake miki.

Ki kiyayi wannan, domin ke ma yana jiran ki. Za ki yi ilimi, za ki dawo da takarda da jakar magani, mata za su shimfiɗa miki tabarma. Ranar za ki ji daɗin muryarki. In kin shiga gida, ki tambayi mai akuya yaushe ta fara, me ta ci, me aka ba ta, sannan ki rufe baki ki jira. Wata za ta ce miki da sauƙi alhali dabbar tana shure-shure. Wata ta riga ta ɗura mata abin da take jin kunyar faɗa. Kada ki yi mata tsawa, kada ki ƙarasa mata magana. Ki tuna uwarki ta yi duka biyun, kuma ba don rashin hankali ta yi ba.

Yanzu na zo kan Larabar nan ta mako uku da suka wuce. Ni na ce ki shirya ki raka ni, ban gaya miki dalili ba. Muciya ta zo hannuna, na miƙe na ce a taya ni murna, sakamakon Uwani ya yi kyau, za ta karatun nas. Aka rangaɗa guɗa. Ina shirin miƙa wa ta gaba sai na ga hannunki a miƙe. Na ba ki, na ɗauka godiya za ki yi. Kika riƙe kika yi shiru, kanki a ƙasa. Shirun ya dame ni, na ji kamar ni ake kallo. Na ce, "Abin da take so ta ce shi ne ta gode wa..."

Inna Tabawa, da yanzu ko gani ba ta yi sosai, ta juyo inda muryata take ta ce, "Kulu, muciya tana hannun wa?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ni da nake koya wa matan wasu garuruwa dokar nan, ni aka tuna wa ita a gaban 'yar cikina.

Aka jira ki, kika ɗago. Zan maimaita miki abin da kika ce don ki san ban yar da ko kalma ɗaya ba. Kika ce, "Ina gaishe da iyayena. Ni ba nas nake so in zama ba. Makarantar lafiyar dabbobi ta Kaduna ta ɗauke ni, Baba ya sani, can nake so in je. Awakin garin nan na mata ne, a cikin gida suke. Malamin dabbobi namiji ne, a zaure yake tsayawa, kafin a yarda a fito masa da akuya ta riga ta kwanta. Ni mace ce, har turke zan shiga." Sannan kika juyo gare ni kika ce, "Inna, ki yafe ni. Na yi ta neman inda zan gaya miki a gida, ban samu ba."

Mata suka ce, "Mun ji ki." Ni ban ce ba. Na tashi na zura takalmi na fice, sai da na iso gida na ga ƙafa ɗaya nawa ne, ɗaya na Asabe. Ta biyo sawu tana dariya, ta ga fuskata ta karɓi abinta ta koma.

Mako uku ina dafa fushin nan. Na ce kin tozarta ni a bainar jama'a. Na ce ke da Babanki kun haɗa kai kun mai da ni bare. Na ce wace irin 'ya ce za ta bar fararen kaya ta zaɓi warin turke. Na daina zuwa taro. Kina gaishe ni ina amsawa da hanci, ina ganin ki kina raɓe-raɓe a tsakar gida kina neman fuskata, ina ɗauke kai. Na tambayi Babanki me ya sa bai gaya min ba, ya ce, "Sau biyu na fara, Kulu, kika ƙarasa min maganar da abin da ba shi zan faɗa ba." Wannan ma na yi fushi da shi kwana biyu. Ki ɗauki darasi a nan: in aka gaya miki gaskiya ta yi miki zafi, ki ba fushin kwana ɗaya, ya ci ya sha, washegari ki sallame shi. Ni na riƙe nawa har ya kusa cinye miki makaranta.

Jiya, bayan maganar Larai ta hana ni sukuni, na koma taro. Muciya ta zo hannuna, kuma karon farko cikin shekaru na rasa abin faɗa. Suka ci gaba da aikinsu suka jira ni, Lasifika guda. Daga ƙarshe na ce, "Yarinyar nan gaskiya ta faɗa. A gidana babu inda za ta yi magana, ni na cinye wurin." Na ajiye. Inna Tabawa ta juyo gare ni. Ta ce, "Mu mun ji ki, Kulu, amma ba mu ke da wannan maganar ba. Tashi ki tafi gida."

To ga ni na zo. Uwani, na ji ki. Abin da ya kamata in faɗa ranar tare da sauran mata ke nan, na makara da mako uku. Ba ki tozarta ni ba. Kin je inda ni da kaina na koya miki cewa ana sauraron mace, kin riƙe abin da na riƙe, kin faɗi abin da ke ranki cikin ladabi, kuma kin fi ni, domin ni kuka na yi, ke hujja kika kawo. Da wata yarinya ce a Babban Mutum ta yi haka, da na dawo ina ba da labarinta mako guda. Kin ce in yafe miki, babu abin yafewa. Ni ce ke neman ki yafe min, na asibiti da na akuya da na duk tambayoyin da aka yi miki na amsa.

Kada ki kwance kayan nan. Kuma ina roƙon ki wani abu: ranar kin faɗi abin da kike so ba tare da kin jira fuskata ba, to kada ki koma jiran ta yanzu. Fuskata takan ɗaure ta kwance, haka Allah Ya yi ni. In kika ɗora rayuwarki a kanta za ki sha wahala.

Sauran 'yan abubuwa kaɗan. Ki riƙe salla a kan lokacinta ko da kowa na ɗakin yana barci. Ki san da wa kike cin abinci, ki san inda kike sa ƙafa, kada daɗin baki ko kyauta su ruɗe ki. Za a yi miki dariya a ce likitar awaki, a garin nan ma an fara, ki amsa sunan da fara'a ki wuce. Na soya miki ƙuli mai yaji, yana cikin bokitin nan mai murfi, ki ba abokan zamanki kada ki ɓoye. Asabe ta ce in gaya miki tunkiyarta tana jiran ki, kada ki daɗe. In kin bugo waya, ki gaya min har abin da kika san ba zan so ji ba. Ba zan yi miki alkawarin na sauya gaba ɗaya ba, shekaruna sun wuce nan, zan katse ki, na sani. In na yi, ki ce, "Inna, ban gama ba." Na ba ki izini, ba rashin kunya ba ne, kuma Babanki shaida ne.

Ran Asabar ni zan raka ki tasha, ba Larai ba. An ce uwa ba ta rakiyar 'yar fari, duk mai son magana ya yi, na riga na biya wa wannan kunyar abin da ya ishe ta. Zan ɗauki jakarki. In ɗan kamasho ya tare mu ya ce, "Hajiya, ina yarinyar za ta?" zan cije leɓena in dubi ƙasa, ko da za mu kai azahar a tsaye. Ke za ki gaya masa.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin abin da ba a gani. Ya buɗe miki ƙirji, Ya sa albarka a hannunki, Ya haɗa ki da mutanen kirki masu haƙurin sauraro. Ya sa abin da za ki koyo ya amfani matan ƙasar Daura, Ya dawo min da ke ina raye in gani da idona, amin. Ki tafi da albarkata, Uwani, dukkanta, ban rage komai ba.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Kulu.